A kai kimiyyar kwantum kasuwar Katako

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, wato ilimin yadda haske da ƙananan ƙwayoyi irin su atam ke aiki, saboda cikar shekara 100 da aikin da Werner Heisenberg ya yi a 1925, wanda a kansa aka gina lissafin wannan fanni. Ƙasar Gana ce ta shigar da ƙudurin a babban zauren Majalisar, aka amince da shi a watan Yunin 2024, aka buɗe bikin a hedikwatar UNESCO da ke Faris a Fabrairun 2025. Manufar ita ce a kusanto da wannan ilimi wurin jama'a. Manufa ce mai kyau, amma shekara guda ba ta isa ba, kuma hanyar da aka fi bi wajen yin aikin ba za ta kai mu ko'ina ba a nan Yamai.

Abin da aka saba shi ne a kama zaure a otal ko a jami'a, a kunna majigi, a yi jawabi da Faransanci a kan magen Schrödinger da aka ce tana raye kuma tana mace a lokaci guda, a nuna hoton kwamfutar kwantum mai ƙyalli, a tafa, a watse. Wanda ya halarta zai fita da mamaki, amma ba a ba shi abu ɗaya da zai gwada da hannunsa ba, balle ya iya ƙaryata wanda ya zo masa da ƙarya. Ni a ganina a juya abin. A fara da kayan da ke hannun mutane, fanon sola da tocila da ƙwan fitila, a yi bayani da harshen da suke ciniki da shi, kuma kowane bayani ya zo da gwajin da za a yi a gaban ido, a auna, a rubuta lamba. Galibin kayan aikin ana samun su a Katako da teburan masu gyaran salula.

Fanon sola ya kamata ya zo farko, domin shi ne ya shiga gidaje da shaguna da rijiyoyin garka, kuma ƙasa ta zuba masa kuɗi: tashar Malbaza mai megawat 7 a jihar Tawa tun 2018, sai ta Gorou Banda mai megawat 30 a bakin Yamai a 2023. Duk da haka mutane da yawa, har da wasu masu girka shi, sun ɗauka zafin rana ne ke zama wuta. Ba haka ba ne. Haske yana ba da ƙarfinsa ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana ce mata foton, kuma launin hasken ne ke yanke ƙarfin kowace ɗaya, ba yawansa ba. Max Planck ya fara kawo wannan tunani a 1900, Albert Einstein ya ƙarasa shi a 1905, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. A cikin silikon da ake yin fano da shi, sai foton ya zo da ƙarfin da ya kai elektaron-volt 1.1 (ma'aunin ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi ke nan) kafin ya iya ɓanɓaro elektaron ɗaya, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ya shiga waya. Kamar ƙofar filin kokawa ce da tikitinta dala ɗari, kuma ba a yarda a haɗa kuɗi ba: mutum dubu masu dala ashirin-ashirin za su tsaya waje, mutum ɗaya mai dala ɗari ya shige, mai jika guda ma shiga ɗaya zai yi kuma ba a ba shi canji. Rarar nan da ba a mayarwa ita ce ke zama zafi a jikin fano. Daga nan ne iyakar ta fito: tun 1961 aka lissafa cewa sel mai hawa ɗaya, irin ƙananan yankunan silikon da ake jerawa a yi fano, ba zai wuce wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin hasken rana ba, na kasuwa kuwa suna wajen kashi 20 cikin ɗari.

Gwajinsa minti 15 ne. A samo ƙaramin fano mai sel 36, irin na cajin batir mai volt 12, a ajiye shi a inuwa ya huce. Da tsakar rana a fito da shi, a maƙala multimita, na'urar auna wuta, a wayoyinsa biyu ba tare da an haɗa masa batir ko fitila ba, a rubuta abin da ta nuna kowane minti biyu. Zai fara wajen volt 21, ya riƙa sauka yayin da gilashin ke ɗaukar zafi, domin kowane sel yana rasa kusan milivolt 2 a kowane digiri, sel 36 kuwa idan suka ƙara digiri 25 sun rasa kusan volt 2. Dalilin shi ne zafi yana tayar da elektaron da kansa a cikin silikon, ya ƙara yoyon da ke cinye abin da haske ya tara. A ƙa'ida fano yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25, ke nan wanda ya kai digiri 65 a kan kwano a watan Afrilu ya yi asarar kusan kashi 16. Mai girka sola da ya ga wannan da idonsa ba sai an roƙe shi ya bar tazarar santimita 10 tsakanin fano da kwano don iska ta ratsa ba. Abin da ke ɓata gwajin shi ne gajimare ko ƙurar hunturu da ke canza hasken a tsakiyar awo, da kuma barin batir a haɗe, domin a lokacin volt ɗin batir ake karantawa.

Gwaji na biyu ya fi kowane kama hankali, kuma yaro ɗan firamare zai iya yin sa. Akwai carbin roba mai haske cikin duhu da ake sayarwa a bakin masallatai. (Wanda bai so a yi gwaji da carbi ba, agogo mai hannu mai haske ko maɓallin fitila irin wannan zai yi.) A sa shi cikin gwangwani a rufe tun daren jiya don hasken da ya sha ya ƙare. A shiga ɗaki mai duhu sosai, a jira minti biyar ido ya saba. A haska masa jan LED mai ƙarfi, irin ɗan ƙwan da ke cikin tocilar zamani, minti ɗaya cur, a kashe: carbi ba zai yi komai ba. Sai a ɗauko shuɗin LED mai rauni, ko ƴar tocilar da ƴan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita, a haska daƙiƙa biyu: nan take zai kama haske kore. Foton ja mai tsawon zango, wato tsawon igiyar haskensa, nanomita 630 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) ƙarfinsa bai kai elektaron-volt 2 ba, shuɗi mai nanomita 470 ya haura 2.6, sinadarin da ke cikin robar kuwa yana buƙatar abin da ya fi na ja. Lissafin da sauƙi: a raba 1240 da tsawon zangon a nanomita, abin da ya fito shi ne ƙarfin foton. Muhimmin abu shi ne kafin a kunna a tambayi mutane wanne suke zaton zai yi aiki, su ɗaga hannu. Akasari za su zaɓi mai ƙarfin haske, kuma kuskuren nan da suka gani da idonsu shi ne darasin. Inda ake faɗuwa shi ne a naɗe farar tocila da jar leda a ce an samu jan haske. Ledar tana barin shuɗi kaɗan ya ratsa, carbi ya haska, mai bayani ya rasa bakin magana. Dole ya zama LED ɗin da shi kansa ja yake fitarwa.

Ga ɗaliban lise da masu gyaran salula akwai mataki na gaba, wato auna lambar Planck, mai haɗa launin haske da ƙarfin foton, wadda dukan fannin ke tsaye a kanta. Kayan su ne pil mai volt 9, rezistans mai juyawa ta om 1000, rezistans ta om 330, multimita, da LED huɗu ko biyar masu farin gilashi: ja, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi. A haɗa mai juyawar a bakin pil, a ɗauko wuta daga ƙafarta ta tsakiya ta bi ta om 330 zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar ta koma bakin pil mai alamar (−), multimita kuma a kan ƙafafun LED ɗin biyu. A naɗe baƙar takarda kamar bututu a leƙa ta ciki, a riƙa juyawa a hankali har a ga haske na farko, a rubuta volt. Ja zai fara wajen 1.6 zuwa 1.8, shuɗi wajen 2.4 zuwa 2.6. Idan aka zana volt a gefe guda, ɗaya bisa tsawon zango a ɗaya gefen, ɗigogin za su jeru kusan a layi, kuma daga gangaren layin ake fitar da lambar, wadda ainihinta 6.63 × 10⁻³⁴ ce a ma'aunin jul-daƙiƙa. Samun ta da kuskuren kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba abin kunya ba ne, abin tattaunawa ne. LED yana fara ɗigo da haske kafin volt ya cika, saboda zafin ɗaki yana taimaka wa wasu elektaron, don haka awo yakan fito ƙasa da gaskiya. Idon wannan ba idon wancan ba ne, sai mutum ɗaya ya yi dukan kallon. Koren LED iri biyu ne a kasuwa, tsohon yayi mai fara haske ƙasa da volt 2 da sabo mai kusantar shuɗi, wanda bai bambance su ba zai samu ɗigo ɗaya ya bar layi. Farin LED kuwa kada a sa shi, domin shuɗi ne aka shafa masa sinadari mai ba da ɗorawa. Shuɗin nan shi ya sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel ta 2014, kuma shi ne cikin kowace tocilar da ta kori fitilar kananzir daga ƙauyukanmu. Wanda ya manta rezistans ta om 330 zai ƙona LED a juyi ɗaya, wanda ya bar pil a haɗe kuma zai same shi ya yi rauni washegari.

Tsohon faifan CD ma kayan aiki ne. Layukan da ke jikinsa tazararsu mikromita 1.6 ce, wajen layi 625 a milimita guda, shi ya sa yake warware haske launi-launi. A samo kwalin sukari, a yanka siririyar tsaga a gefe ɗaya, a daidaita bakinta da reza biyu har faɗinta ya zama rabin milimita, a soka ɓarin faifan a ɗaya gefen a karkace wajen digiri 60, a huda ramin leƙe a samansa. Tsohon ƙwan fitila mai zare zai ba da bakan gizo a haɗe. Doguwar fitilar niyon za ta ba da layuka a rarrabe, shuɗi a nanomita 436 da kore a 546, sa hannun sinadarin merkuri da ke cikinta. Gishirin da aka barbaɗa a harshen wutar gas zai ba da layin ɗorawa a 589. Layukan nan su ne shaidar abin da Niels Bohr ya faɗa a 1913, cewa elektaron a cikin atam hawa-hawa yake zama, ba ya tsayawa tsakanin hawa biyu, kuma idan ya sauko sai ya saki foton mai launi ɗaya tak. Tsaga mai faɗi tana cakuɗa layukan, wadda ta cika ƙunci kuma tana hana haske. Kada a leƙa rana da shi ko sau ɗaya, kuma kada a fasa niyon, tururin merkuri guba ne.

A nan akwai amanar da mai bayani zai riƙe. Ana yawan haska leza a kan silin gashi a nuna ɗigogin da ke jeruwa a bango, a ce ga kwantum. Gwajin yana da kyau: da jan leza mai nanomita 650, da gashi mai kaurin mikromita 70, da bango a nisan mita 3, tazarar ɗigogin za ta kusa santimita 3. Amma abin da ya nuna shi ne haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, an kuwa san wannan tun farkon ƙarni na 19. Kwantum yana shigowa ne idan aka rage hasken har ƙwayoyin suna isowa ɗai-ɗai, kowace ta faɗi wuri guda, amma taronsu ya sake zana layukan nan. Ƙungiyar Akira Tonomura a Japan ta nuna haka da elektaron a 1989, kuma hoton bidiyonsa yana intanet. A nuna gashin, a nuna bidiyon, a faɗi wanne ya tabbatar da me. Lezar kuma kada ta wuce miliwat 1, a guji korayen nan masu araha, domin sau da yawa ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta a jikinsu, kuma ido ba ya warkewa daga ƙunar leza.

Za a ce ƙasar da ke fama da tsaro da tsadar hatsi da azuzuwan zana ina ruwanta da foton. Tambayar tana da nauyi, kuma ba na cewa a ɗebi kuɗin rijiya a sayi leza. Amma sunan kwantum ya riga ya iso garin nan, kuma ba malamai suka kawo shi ba. Akwai na'urar da ake yawo da ita a ƙasashen yankinmu, a ba mutum ɗan ƙarfe ya riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da shafuka a kan hantarsa da ƙodarsa da jininsa, daga nan a sayar masa da magani. Babu wata hanya a kimiyya da riƙe ƙarfe a tafin hannu zai auna sukarin jini ko aikin ƙoda. Gwada ta ma da sauƙi: a auna mutum ɗaya sau biyu a jere da suna da shekaru daban, ko a naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma a ga ko za ta ba tsumman sakamako. Akwai kuma sarƙoƙin wuya da ake cewa suna ba da ƙarfin kwantum. A 2021 hukumar kula da kariya daga tururin nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan wasu irinsu, bayan ta gano suna fitar da tururi mai cutarwa. Mai hawan jinin da ya bar maganin likita saboda takardar na'urar nan rayuwarsa ce a kan layi. Sannan ƙasar da aka shafe fiye da shekara 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit bai kamata ƴaƴanta su rasa wanda zai gaya musu da harshensu yadda atam ke fashewa da kansa ba, da abin da ake nufi idan an ce sai bayan shekara biliyan 4.5 rabin yuraniyom-238 ke rikiɗewa. Wannan ma kwantum ne, George Gamow ya bayyana shi a 1928.

Maganar kwamfutar kwantum da ƙwayoyi masu ɗaure da juna tana da wurinta, a ƙarshe, kuma da taka-tsantsan. Gaskiya ne an tabbatar da ɗaurin nan, inda sakamakon auna ƙwayoyi biyu ke dacewa da juna ko suna nesa, a ɗakin gwaji, a kansa aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel ta 2022. Amma ba a aika saƙo da shi fiye da gudun haske, ba ya karanta zuciyar kowa, kuma ba shi da alaƙa da tsafi ko duba. Mutane za su yi wannan tambayar, a amsa musu kai tsaye cikin mutunci. Kwamfutar kuma ba ta gwada dukan amsoshi a lokaci guda kamar yadda ake faɗa. A wasu matsaloli ƙalilan ne aka san za ta yi fice, kamar hanyar da Peter Shor ya fitar a 1994 wadda za ta iya karya makullan sirrin da bankuna ke amfani da su, shi ya sa Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin makulli a Agustan 2024. Wannan ya shafi bankunanmu da kamfanonin aika kuɗi ta waya, kuma su ya kamata a tara a yi wa wannan jawabin.

Su wa za su yi aikin? Jami'ar Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, shekaru masu yawa, kuma tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunan gida. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu hujjar a ce bayanin foton sai da Faransanci. A Yamai kuma dole a yi shi da Zabarmanci ma, in ba haka ba an bar rabin unguwa a baya. Ɗaliban fizik na jami'ar su ne ma'aikatan da suka dace, amma sai an horar da su su yi kowane gwaji da hannunsu sau da yawa kafin su fita, har su san inda yake lalacewa. Waɗanda za a fara nema su ne malaman kimiyya na kwaleji da lise, sai masu girka sola da masu gyaran salula, domin kowannensu yana magana da mutane da yawa a yini kuma ana jin maganarsa. Gidan tarihi na Boubou Hama, inda iyaye ke kai yara ranakun hutu, ya isa a kafa tebur na dindindin. Rediyon unguwa kuma zai iya ba da gwajin carbi a matsayin aikin gida, a ce masu sauraro su gwada da dare su bugo waya washegari.

Tsarin zama ɗaya bai kamata ya wuce minti 40 ba: gwaji biyu, mutum shida a tebur, multimita guda a kowane tebur, ƴan mata kuma a ba su teburinsu idan an ga samari na ƙwace kayan. Ranar kwantum ta duniya 14 ga Afrilu ce, daga 4.14 na farkon lambar Planck a ma'aunin elektaron-volt, kuma a wurinmu ta faɗo tsakiyar zafi da ɗaukewar wuta, don haka duk kayan su zama masu aiki da pil, gwajin fano da rana, na carbi da na faifan CD bayan magariba. Kuma kada a auna nasara da yawan kujerun da suka cika. Bayan mako biyu a koma wurin mutanen a yi musu tambayar da ba a yi a zaman ba: idan aka haska jan LED a kan shuɗin LED da aka maƙala wa multimita, allurar za ta motsa? To idan aka haska kore a kan ja fa? Su faɗi zatonsu da dalilinsu, sannan a miƙa musu kayan su gwada.